Jiki na Wani, Iri na Wani

A ƙasar Kunci babu gonar da ba ta da mai ita. Daga Shuwaki zuwa Gwarmai, daga 'Yandadi zuwa bakin dam ɗin Gari, inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, kuma abin da ke tsakaninsu bai wuce layin gamba ko jerin lalle ko 'yan itatuwan bini-da-zugu ba. Saura ta yi wuya. Taki ne ke riƙe da ƙasar, shi ya sa ake ganin jakuna da amalanke suna jigilarsa tun kafin hadari ya fara haɗuwa. Tun a 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka rubuta yadda ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ta cika, ana noma ta kowace shekara ba hutu. Yau jikokin manoman wancan zamani ne ke tsaye a kan gonakin, gonakin kuwa ba su haihu ba.

A irin wannan wuri gonar da ake yabo ita ce wadda ba a ja layi a cikinta ba. Uba ya rasu shekara ashirin, 'ya'yansa ba su raba ba, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, garma ɗaya. In an wuce a ce gidan nan akwai albarka. Sau da yawa akwai ta ɗin. Sai dai masu yabon ido suke zubawa a kan yawan dammunan da suka shiga rumbu, ba sa tambayar 'ya'yan wa za su tsaya a kan gonar bayan shekara talatin. Wata 'yar halittar teku, wadda tsawonta bai wuce na ƙwayar shinkafa ba, ta fi kowa fito da wannan tambaya fili.

Ba ta rayuwa sai a ruwan gishiri, don haka ko a Tafkin Chadi ba a samunta, balle a dam. Zan kira ta salkar teku, saboda jikinta jaka ce mai kauri da baki biyu, in aka matsa ta sai ta tsarto ruwa. Ire-irenta sun kai kusan 3,000. Tana manne wa dutse ko ƙasan jirgin ruwa ko ginshiƙin tashar jirage, ba ta ƙara motsawa. Ruwa ya shiga ta baki ɗaya, ya ratsa wani kwando mai ƙananan tsagogi da aka shafe da yauƙi, 'yan tsirran da ido ba ya gani su maƙale a yauƙin, ruwan ya fita ta ɗaya bakin. Cinta da numfashinta ke nan gaba ɗaya. Rigar da ta lulluɓe ta da selulos aka yi ta, sinadarin da ke cikin zaren auduga da karan dawa, wanda babu dabbar da ke iya ƙera shi sai ita da danginta. Zuciyarta ma daban take: ta harba jini gaba na 'yan mintuna, ta tsaya, ta juya ta harba shi baya.

Masanan Turai sun daɗe suna lissafa ta cikin dangin dodon koɗi da katantanwa. A 1866 wani Barashe mai suna Alexander Kowalevsky ya bar kallon manyan, ya koma kallon abin da ke fitowa daga ƙwai. Sai ya ga wani abu kamar talibambam ɗin da yara ke kamawa a kududdufi, da kai da wutsiya, a cikin wutsiyar ga wata sanda mai laushi, a samanta ga igiyar laka. Tsarin ɗan tayin kifi ke nan, da na kaza, da na saniya, da na mutum, kafin ƙashin baya ya maye gurbin sandar. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa a cikin dukan halittu marasa ƙashin baya babu wadda ta fi ta kusa da masu shi. Dalilin da ya sa likitoci masu nazarin jini da dashen gaɓoɓi suka damu da ita ke nan.

Ɗan nan ba ya cin komai. 'Yan sa'o'i kawai gare shi na iyo, kuma aikinsa ɗaya ne, neman wurin zama. In ya samu ya dafe da goshi, jikinsa ya shanye wutsiyar da sandar da ke cikinta, ya buɗe baki biyu ya fara tace ruwa. Daga nan ba ƙaura har mutuwa. Wuri mai tauri a bakin teku kuwa ya yi kaɗan, kowane tafin hannu na dutse akwai masu rububinsa, wanda ya yi jinkiri a rufe shi da rai.

Wasu salkunan ɗai-ɗai suke zama, har akwai waɗanda ake ci a Koriya da Japan. Waɗanda nake magana a kansu su ne masu zaman gida, kuma wadda aka fi nazari a cikinsu ita ce Botryllus schlosseri, wadda Peter Simon Pallas ya raɗa wa suna a 1766. Ɗa guda ne ke kafa gidan. Bayan ya dafe sai toho ya fito a gefen jikinsa, tohon ya zama salka, ita ma ta yi nata tohon, har a wayi gari ɗaruruwa sun shimfiɗu a kan dutse cikin riga ɗaya. Suna jeruwa da'ira-da'ira kamar taurari, kowace da nata bakin shigar ruwa, amma mafitar ruwan ɗaya ce a tsakiyar da'irar. Kowace da zuciyarta da hanjinta, kowace kuma tana yin ƙwai tana yin maniyyi. Jini kuwa na kowa ne. Jijiyoyi sun ratsa rigar sun haɗa su duka, abin da wannan ta tace yakan kai ga waccan.

Abin da ke faruwa a gidan nan kowane mako ya isa mutum ya tsaya ya yi tasbihi. In zafin ruwa ya kai kimanin digiri 20, duk bayan kwana bakwai manyan salkunan gaba ɗaya sai su rufe bakunansu su mutu a lokaci guda. Ba a zubar da gawa. Wasu ƙwayoyi masu cin matattu da ke yawo cikin jini su narkar da su cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi, abin da aka samu ya bi jijiyoyi ya je ya ciyar da tohon da ke jira. Tohon su buɗe baki su zama manya, ƙananan tohon da ke jikinsu su matso sahun masu jira, sabbi su ɓullo a bayansu. Kullum tsara uku ne a gidan, kuma babu salkar da ke wuce mako tana aiki, alhali gidan kansa yakan yi watanni, a ɗakin bincike ma ya yi shekaru.

To me ya dawwama, tunda kowa mutuwa yake yi? Riga, da jijiyoyi, da wasu 'yan ƙwayoyi na asali waɗanda daga gare su ake gina sabbin jikuna. A cikinsu akwai na iri, wato waɗanda za su zama ƙwai da maniyyi. Waɗannan ba sa zama wuri ɗaya. Duk lokacin da aka yi sabon toho sai sun tashi daga tsohon jiki sun bi jini sun je sun sauka a sabon. A riƙe wannan, don a nan maganar take: ma'ajiyar iri kowane mako sabuwa ake ginawa, kuma wanda ya riga isa shi ke cika ta.

Gida yana faɗaɗa, maƙwabci ma yana faɗaɗa, dole wata rana su haɗu. A bakin kowane gida ƙarshen jijiyoyin yana kumbura kamar 'yan yatsu, su ne ke fara taɓa na maƙwabci. Cikin kwana ɗaya ko biyu ɗayan abu biyu zai faru. Ko dai rigunan su narke su zama ɗaya, jijiyoyin su buɗe wa juna, jinin wannan ya shiga na wancan. Ko kuma wasu ƙwayoyin jini su fito ta bakin yatsun su fashe, su zubar da dafi, wurin ya yi baƙin tabo, jijiyoyin su ja da baya. Tabon nan shi ne iyaka, kowa ya ci gaba da harkarsa a ɓangarensa.

Wani Ba'amurke, Frank Bancroft, shi ya fara bayyana wannan a 1903. Daga 1957 Oka da Watanabe a Japan, sannan Armando Sabbadin a jami'ar Padua ta Italiya, suka gano ƙa'idar. Kowane gida yana da tambari biyu a cikin ƙwayoyin gadonsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In gida biyu suka yi tarayya ko da a tambari ɗaya ne, sai su haɗe. In babu ko ɗaya, sai tabo. Tamburan kuwa iri-iri ne, a tashar jirage guda ana iya samun ɗaruruwa, don haka da wuya bare ya dace da bare. Ɗa da uwarsa kullum suna haɗewa, tunda ɗaya daga cikin nasa nata ne. 'Yan uwa ɗaya uba ɗaya kuwa lissafin mai sauƙi ne: in uwa na da tambari biyu, uba na da wasu biyu daban, 'ya'ya kala huɗu za su fito, kuma kowane ɗa zai dace da uku a cikin huɗun. Ko a cikin shaƙiƙai ke nan akwai wanda ba a buɗe wa ƙofa. A 1986 Richard Grosberg da James Quinn sun nuna a Woods Hole ta Amurka cewa ɗan da ke iyo yana neman wuri yakan zaɓi ya dafe kusa da masu tambarinsa. Ba tsautsayi ke haɗa su ba, neman juna suke yi.

Dalilin neman a fili yake ga duk wanda ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babban gida ya fi wuyar rufewa, in kifi ya gutsuri gefe sauran ya rayu, kuma ya fi saurin kai girman da zai fara haihuwa. Haka aka yi zato, kuma zaton yana da kan gado. Amma da aka zo gwaji, ribar ba ta fito yadda aka sa rai ba. Sau da yawa ma bayan haɗewar sai ɗaya daga cikin gidajen ya fara ƙanƙancewa: salkunansa su mutu a ƙarshen mako kamar kullum, tohonsa ya kasa tashi, ɗan'uwan ya shanye shi ƙurmus. Wanda ya leƙa ta madubin ƙara girma zai ce an gama, ga wanda ya ci, ga wanda aka cinye.

Ashe ba a gama ba. A 1979 Sabbadin da Zaniolo suka haɗa gidaje biyu masu launi daban, suka bar su suka sha jinin juna, sannan suka yanke tsakaninsu suka raba. Bayan tsararraki da yawa na toho, gida ya ci gaba da haifar 'ya'ya masu ɗauke da gadon tsohon abokin zamansa, wanda tuni aka ɗauke shi daga wurin. Daga baya a tashar binciken teku ta Hopkins, ta jami'ar Stanford, a gaɓar Monterey ta Kalifoniya, Douglas Stoner da Baruch Rinkevich da Irving Weissman suka bi maganar da awon ƙwayoyin gado, a 1996 da 1999. Suka ɗebi naman jiki daban, suka ɗebi maniyyi daban, suka duba na wane ne. Abin da suka tarar shi ne gasa biyu ake yi, kuma ba dole wanda ya ci ɗaya ya ci ɗayar ba. Sai ka ga gida lafiyayye, ya shanye ɗan'uwansa, ya mamaye dutse, kowace salka a cikinsa tasa ce, yana tace ruwa dare da rana, amma in aka buɗe ma'ajiyar irinsa babu nasa ko ɗaya. Ƙwayoyin irin wanda aka shanye sun riga nasa isa kowane sabon toho. Duk ɗan da zai fito daga gidan nan na wanda ya ɓace ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sun kuma ga cewa abin gado ne. Akwai zuriyar da irinta ke cin na kowa, akwai wadda kullum ita ake ci, akwai 'yan tsaka-tsaki masu cin wani wani ya ci su. A 2005 Diana Laird da Anthony De Tomaso da Weissman suka nuna cewa ba sai an haɗa gidaje ba ma: 'yan ƙwayoyin asali ƙalilan in aka ɗiba aka zuba a jinin wani gida mai tambari ɗaya, sun isa su kama ma'ajiyar irinsa.

Daga nan aka fahimci amfanin tabo. Tun a 1982 Leo Buss ya kawo bayanin da yawancin masana suka karɓa: da ƙofar a buɗe take ga kowa, da zuriya ɗaya mai ƙwacen iri ta bi gida-gida ta mayar da duk tashar bayinta. Da aka taƙaita haɗewa ga dangi na kusa, ko an ci ka, wanda ya ci ka yana ɗauke da rabin abin da kake ɗauke da shi, asarar ba ta zama duka ba. A lura da kyau, tambarin bai hana cuta tsakanin 'yan'uwa ba. Rage zafinta kawai ya yi. A gaskiya ma ɗan'uwa ne kaɗai ke iya yi maka wannan ƙwacen, tunda shi kaɗai ke da hanyar shiga jininka.

Kada a ɗauka sai a teku ake ganin abin da haɗa jini ke jawowa. Saniya ba ta cika haifar tagwaye ba, amma in ta haifi namiji da mace, kusan sau tara cikin goma macen ba za ta taɓa ɗaukar ciki ba, kome kyawun ƙirarta. Frank Lillie ya bayyana dalilin a 1916: jijiyoyin mabiyiyar 'yan maruƙan biyu suna haɗewa tun a ciki, sinadaran namijin su shiga jikin macen su hana mahaifarta kammala. A 1945 Ray Owen ya ƙara gano cewa irin waɗannan tagwaye kowanne yana yawo da ƙwayoyin jinin ɗan'uwansa har girma, jikinsa bai ɗauke su bare ba. Mai sayen karsana a kara don kiwo yana da dalilin tambaya ko ita kaɗai aka haifa.

Mu dawo gona. Gandu, a asalinsa, yarjejeniya ce mai sharuɗɗa, ba zaman kara-zube ba. 'Ya'ya su yi aikin gonar gandu daga safe zuwa azahar, yamma da ranar hutu kowa ya tafi gayaunarsa, abin da ya samu a can nasa ne. Mai gandu shi ke da ciyarwa, da iri, da kayan aiki, da auren fari na kowane ɗa, da haraji, kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi a Kano a 1979. Muddin uba na da rai lissafin yana tafiya daidai, don gumin da ɗa ya zuba a gonar zai dawo masa ranar rabon gado. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta Katsina a 1967 ta fitar da littafinta a 1972, ta lura cewa gandun uba da 'ya'ya shi ne mai ƙarfi, na wa da ƙane bayan rasuwar uba bai cika daɗewa ba. Wasu za su ce lalacewar zumunci ce. Ni ina ganin mutanen sun san abin da suke gudu.

Ga yadda takan kasance. Uba ya rasu, an yi sadakar arba'in, babu mai son ya zama shi ya fara maganar rabo. Wa ya zauna a gida yana juya gona. Ƙane, da an gama kaka, ya ɗauki jaka ya tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas, yana ga-ruwa ko dako ko acaɓa, yana aiko kuɗi. Da kuɗin nan aka sayi buhun takin zamani, aka sayi shanun huɗa, aka karɓi jinginar gonar maƙwabci, daga baya aka saye ta. Wa ne ya tsaya a gaban mai unguwa ranar cinikin, don haka sunansa shaidu suka ji, in an rubuta takarda ma sunansa ne a kai. 'Ya'yansa ne suka tashi suna kai taki, su suka san inda kowace iyaka ta bi, su maƙwabta suka saba gani. 'Ya'yan ƙane kuwa wataƙila a wata unguwa ta bayan birni suka girma. Wata rana ƙane ya yi ta maza.

"Yaya, da ma maganar gonakin nan ce, na ce ko za a duba."

"Haba, ƙanena. Ni da kai har akwai nawa da naka? Ko wani abu aka ce maka na yi?"

"A'a, Yaya, Allah ya huci zuciyarka. Ba komai."

Shi ke nan an rufe maganar shekara goma. Kuma abin da ya sa na tsaya a kan salkar teku shi ne babu mugu a labarinta. Ƙwayar irin da ta riga isa toho ba ta ƙulla wa kowa sharri ba, hanya ta samu a buɗe ta bi. Yayan nan ma sau da yawa da gaske yake, har ransa bai ga nawa da naka ba, shi ya biya kuɗin asibitin matar ƙanen, shi ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki. Amma shi ma mako ɗaya gare shi, in an auna da rayuwar gona. Zai tafi, ƙanen zai tafi, a bar ƙasa da waɗanda suka riga tsayawa a kanta, su kuwa ba su ga ranar da aka aiko kuɗin shanun huɗa ba. Wani lokacin ma akasin haka ake yi: wa ne ke ƙare ƙarfinsa a gonar, bai sa nasa 'ya'yan makaranta ba don yana bukatar hannu, da amfanin gonar aka karantar da na ƙane, ranar rabo su zo da lauya su karɓi rabi cif, shekarun da ya yi yana zuba taki babu mai lissafa su. Ba a gane wanda aka ci ta kallon wanda ya fi ƙiba.

'Yan'uwa mata su aka fi shanyewa ba tare da an ji ƙara ba. Shari'a ta ba mace rabin rabon namiji, a gona kamar yadda yake a kuɗi. Amma tana ɗakin miji a wani ƙauye, rabonta "yana nan a wurin yayyenki", ana aiko mata da dami biyu da kaka, in ta yi yaji nan za ta dawo, don haka ba ta son ɓata da su. Damin yakan tsaya ranar da ta rasu. 'Ya'yanta in sun zo tambaya, kawunsu ya dube su kamar baƙi.

Malaman fiƙihu sun san wannan kunyar, har sun sa ta cikin hukunci. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda kotunan shari'a a nan ke aiki da ita daga littattafai irin su Tuhfa ta Ibn Asim, wanda ya ga bare yana noma gonarsa shekara 10, yana gari, babu abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, to ba a sauraren ƙararsa bayan nan. In ɗan'uwa ne ke riƙe da gonar, sai an kai wajen shekara 40, saboda an san tsakanin dangi shiru ba yarda ba ne, kawaici ne. Sassauci ne mai hikima. Sai dai shekara 40 tana wucewa kamar wasa, kuma tun kafin ta cika dattawan da suka san gaskiyar magana sun riga mu gidan gaskiya. Haƙƙin yana nan a littafi, mai shaidarsa ne babu.

Masu ƙin rabo suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Gonar da ta ciyar da gida a zamanin kaka, in aka raba ta tsakanin maza biyar da mata huɗu, kowa abin da zai samu bai kai ya juya shanu a ciki ba. Daga nan sai sayarwa, mai kuɗi daga birni ya haɗa guntayen ya kewaye. A ƙasa mai matsi irin ta Kunci wannan tsoro gaskiya ne. Amma sanin rabo daban, tsaga ƙasa daban. Ana iya kiran malami da mai unguwa da shaidu, a auna da igiya, a faɗi na kowa, mace da namiji, a rubuta, kowa ya riƙe kwafinsa, abin da aka saya da kuɗin ci-rani a faɗi na wane ne, sannan a ci gaba da noma tare in ana so, da kaka a ƙirga dammuna bisa rabon. Wanda ya tsaya a gona a fitar masa da ladan wahalarsa tukuna. Wannan ita ce gatar da muka fi salkar teku da ita, ita in ta buɗe jijiya ba ta da sauran hanyar cewa ga iyakar nawa.

Akwai wani lungu da ya fi duka zafi, kuma tun uba na da rai yake buɗewa. Babban ɗa ya yi shekara ashirin da biyar a gandu, shi ya haƙa rijiyar lambu, shi ya dasa mangwaron, sai ya riga ubansa rasuwa ya bar yara. Ranar da tsohon ya cika, 'ya'yansa maza da ke raye suna shamakance jikokin nan, ba su da kaso a gadon kakansu. Hukuncin ke nan, kuma shari'ar da ta zo da shi ba ta bar su haka ba, ta buɗe wa kakan ƙofa biyu. Yana iya yi musu wasiyya har zuwa sulusin dukiyarsa, tunda su ba magada ba ne. Yana iya kuma yanka musu gona kyauta tun yana da lafiya. Tsofaffi da yawa sun fi son ta biyun, sai ka ji an ce, "Ai na faɗa, gonar bakin rafi ta marayun nan ce, kowa ya ji." Amma a Malikiyya kyauta ba ta kammala sai an karɓe ta. In gonar ta ci gaba da zama a hannun tsohon, ana nome ta cikin gandu, amfaninta na shiga rumbun kowa, har ciwon ajali ya kama shi ba a damƙa ta ga yaran ko mai kula da su ba, kyautar ta ɓaci. Gonar ta koma cikin gado, baffanni su raba.